Shekarar da Aka Sake Lissafin Shekaru

Shekarar nan da yanzu ake ce da ita 525, mutanen birnin Rum na lokacin ba su san ta da wannan lamba ba. Al'adar Rumawa ita ce kowace shekara a naɗa manyan hakimai biyu, ana ce da su kwansul, sai shekarar ta ci sunansu. In magatakarda zai rubuta takardar bashi ko ta gado, sai ya ce, "a shekarar Furobus da Filoksenus." Wanda bai riƙe jerin sunayen nan ba, ba shi da hanyar sanin shekara nawa bashi ya yi. A Masar kuwa, ana ƙirgawa ne daga hawan Sarki Diyokletiyan, watau 284.

Cikin wannan shekara wani malamin Kirista a Rum, Diyonisiyus, ya zauna lissafin ranakun Idin Ista na shekaru masu zuwa. Da ya ga lissafin da ya tarar da sunan Diyokletiyan aka yi shi, sarkin da ya karkashe Kiristoci, sai ya ƙi raya sunan azzalumi. Ya fara ƙirga daga haihuwar Annabi Isa.

Mutane ba su karɓa nan da nan ba, sai bayan da Bida, wani malami a Ingila, ya yi amfani da lissafin cikin littafinsa na tarihi a 731. Masana sun ce Diyonisiyus ya kuskure da 'yan shekaru, amma duk da haka lissafinsa ake bi har yau.