Mun je Karshi, garin da ya girmi Abuja

Jama'a ku yi haƙuri, rubutun yau yana da ɗan tsawo. Wanda yake ɗakin karatu ya ajiye shi sai ya fito.

A ajinmu na digiri na biyu a Samaru akwai abokinmu da muka laƙaba wa "Ɗan Abuja". Duk lokacin da hutu ya zo kowa yana haɗa jaka, sai mu ce masa, "To kai ina za ka? Mutanen Abuja ai ba su da gari, sai dai kwatas." Ni na fi kowa zaƙewa, ka san Bakano da baki. Shi dai dariya yake yi. Ranar wata Alhamis da muka fito daga semina ya ce mini, "Malam, jibi ka zuba wa motar nan mai, mu je ka ga garin marasa gari." Haka aka yi. Mu huɗu muka bar Zariya ranar Asabar bayan sallar asuba.

Tun a hanya darasin ya fara. Bayan mun wuce Kaduna muka kusa Suleja, ya nuna mana allon Sabon Wuse, ya ce, "Kun taɓa tambayar ina tsohuwar take?" Shiru muka yi. Tsohuwar ita ce Wusen da muke zuwa kasuwa a tsakiyar Abuja. Mutanenta aka kwaso aka kawo nan Jihar Neja domin a gina birni. Ko sunan Abuja ma aro ne. Lokacin jihadi, a farkon ƙarni na 19, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya ya sauka wajen Zuba. Ɗan'uwansa Abu Ja ne ya kafa garin Abuja a 1828. Da aka zo yin babban birnin tarayya sai aka ɗauki sunan, tsohon garin ya koma Suleja, don tunawa da Sarki Sulaimanu Barau.

Muka ratsa ta Zuba da Kubwa, muka faɗa gosulon Nyanya, sannan Karu, Jikwoyi, Kurudu, Orozo. Da benaye suka ƙare, duwatsu da gonaki suka fara bayyana, sai ga mu a Karshi. A takarda tana cikin Ƙaramar Hukumar Birni ta Abuja, wato AMAC, daidai da Maitama da Asokoro. A ido kuwa gari ne irin namu: ga fadar sarki, ga masallacin Juma'a, ga kasuwa, ga zauruka.

Bayan mun ci tuwo mun yi la'asar, aka kai mu gaida kakansa. Muka durƙusa. Tsohon ya dube ni ya ce, "Ɗan nan daga ina?" Na ce, "Daga Kano, Baba." Ya yi dariya har da tafi, ya ce, "Ashe ɗan gida ne. Ai ku muka bari gadin gida, mu muka fito." Na ɗauka wasan tsofaffi ne, ashe tarihi yake ba ni.

Mutanen Karshi Gwandara ne. Labarin da suka gada daga kakanni yana cewa daga Kano suka taso, a ƙarƙashin wani ɗan sarki mai suna Karshi, kuma sunansa garin ya ci. Galibi ana danganta fitowar da zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Duk wanda ya yi darasin tarihin Kano ya san wannan zamani. Musulunci ya riga ya shigo fada tun lokacin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385, ta hannun Wangarawa, amma a zamanin Rumfa ne ya zama tsarin mulki. Shi ya gina Gidan Rumfa, ya kafa Kasuwar Kurmi, kuma a lokacinsa ne Shaihu al-Maghili ya zo Kano ya rubuta masa nasiha kan yadda sarki Musulmi zai riƙe jama'a. Canji irin wannan ba ya zuwa kowa ya ce to. Labarin ya ce wasu daga gidan sarauta ba su yarda su bar al'adun kakanninsu ba, suka yi kudu suna yada zango, har suka tare a duwatsun nan. Daga nan ne ma ake cewa sunan ya samo asali, wai sun ce "gwanda rawa da salla".

A nan sai ɗalibin tarihi ya taka a hankali. Malamanmu kullum suna gargaɗi kan labarin da ke fassara sunan ƙabila da jimla ɗaya mai daɗin faɗa, domin sau da yawa daga baya ake ɗinka shi ya dace da sunan, wani lokacin ma maƙwabta ne ke ɗinkawa. Kuma Karshin da na gani garin Musulmi ne, a masallacin unguwarsu da ƙyar muka sami sahu a magariba. Saboda haka don Allah kar wani ya ɗauki jimlar nan ya mayar da ita abin tsokana a hostal.

Hujjar da ba ta dogara da bakin kowa ba ita ce harshe. Masana sun sa Gwandara da Hausa a reshe ɗaya na harsunan Cadi, kuma duk duniya babu harshen da ya fi Gwandara kusa da Hausa. Wani masani ɗan Japan, Shuji Matsushita, ya yi aiki a kansa, ya fitar da littafi kan sautuka da kalmominsa a 1972, da wani na kwatanta karuruwansa a 1974: na Karshi, Cancara, Toni, Gitata, Koro da Nimbia. Da daddare na roƙi Baba ya ƙirga mini, na ji "da, bi, uku", can kuma "shida", "tara". Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Amma da suka shiga hira tsakaninsu, kalma ɗaya nake kamawa biyar su wuce ni. Wani abin kuma, Gwandara ta ajiye bambancin jinsin namiji da mace da Hausa ke yi, alamar doguwar zama da maƙwabta irin su Gbagyi da Koro da Gade. Na tuna yadda muke dariya idan wani ya ce "yarinya ya zo", mu ce gwaranci. Ashe a nan ƙa'idar harshe ce mai ɗaruruwan shekaru.

To yaya aka yi mai irin wannan asali ya zama "mara gari" a bakinmu? A 1975 Janar Murtala Muhammad ya kafa kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda ya nemo inda za a mayar da babban birni daga Legas. Ranar 3 ga Fabrairu 1976 aka kafa yankin da Doka ta 6, kwana goma kafin a kashe Murtala. An yanko ƙasar daga jihohin Neja, Filato da Kwara. Babban abin da aka tallata shi ne wurin ba ya hannun ko ɗaya daga manyan ƙabilun ƙasar nan, kuma daga nan maganar "ƙasar da ba ta kowa ba" ta kama baki. Shirin farko shi ne a kwashe mazauna gaba ɗaya. A 1978 gwamnatin Obasanjo ta ga kuɗin ba zai ɗauku ba, aka koma tayar da waɗanda gini ya iso kansu kawai. Wasu sun riga sun ƙaura, wasu suka zauna. Shi ya sa yau Karshi biyu ce: wadda muka je, da Sabuwar Karshi a Jihar Nasarawa, jihar da aka cire daga Filato a 1996. Dangi ɗaya, sarauta biyu. Gwamnati kuwa ba ta tare a Abuja ba sai 12 ga Disamba 1991, zamanin Babangida.

Waɗanda suka zauna sun biya farashi. Sashe na 297 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya damƙa dukkan filayen yankin a hannun Gwamnatin Tarayya. Ba su da gwamna, ba su da majalisar jiha, sanata ɗaya ne da 'yan majalisar wakilai biyu. Sai a 2023 ɗan asalin yankin ya fara zama minista, wato Zephaniah Jisalo. Da safiyar Lahadi abokin namu ya kai mu bayan gari ya nuna mana inda kakansa ya yi noma tun yana saurayi, ga duwatsun safiyo an kakkafa. Ya ce abin da ake lissafa wa manomi shi ne shuka da itatuwa, ƙasar kuwa an ce ba tasa ba ce. Na rasa abin cewa. Abin da ya fi damun Baba shi kuma daban ne: ya yi wa ƙananan jikokinsa magana da Gwandara, su amsa masa da Hausa ko Turanci. Wato harshen da ya tsira shekaru ɗaruruwa a cikin duwatsu, Hausarmu ce take haɗiye shi yanzu.

A hanyar dawowa motar shiru. Wajen Jere na ɗauko waya na canza sunansa daga "Ɗan Abuja" zuwa "Ɗan Karshi". Ya leƙo ya gani, ya ce, "Saura ka fara ce mini yaya, tunda gidan sarauta muka fito." Na ce wannan kuma sai ya kawo hujja a rubuce. Mun dai yi alkawari hutu mai zuwa za mu koma da rakoda, mu zauna da Baba kwana uku, a naɗi ƙirgan da labarin da bakinsa.

Ku da kuke ɗaki ɗaya da ɗan Zuru, ko ɗan Biu, ko ɗan Kagoro, shekara nawa kuna cin abinci a kwano ɗaya, kun taɓa taka garinsu? Ku haɗa kuɗin mai ku je. Idan kuma akwai Gwandara a cikin masu karanta wannan, inda na yi kuskure ku gyara mini, ɗalibi nake. Allah Ya ƙara wa Baba lafiya, Ya bar zumunci.