Tsutsa da Uwarta: Nazari a kan Gane Malam-buɗe-littafin Dare a Ƙasar Dabawa

Duk daminar da tsutsa ta yi ɓarna a gonakin Dabawa da sauran ƙauyukan Dutsin-Ma da Kurfi, abin da ake ji a bakin manoma shi ne wata sabuwar tsutsa ta shigo. Wannan nazari zai bi diddigin wannan magana, domin mu tantance abin da ake nufi da sabuwa, da kuma hujjojin da masana ƙwari ke nema kafin su yarda cewa abin da ke hannunsu sabo ne. Amma kafin nan, akwai kalmomin da ya kamata mu daidaita a kansu.

Masana sun tara duk ƙwarin da wani gari mai laushi ya lulluɓe fikafikansu, wanda ke mannewa a yatsa idan an taɓa, a rukuni ɗaya mai suna Lepidoptera, kuma an rubuta kusan iri 160,000 a cikinsa. Wajen kashi ɗaya cikin goma ne masu yawon rana da muka sani da malam-buɗe-littafi. Sauran, waɗanda galibinsu sai dare suke fita su yi ta kewaya fitila, su ne za mu kira malam-buɗe-littafin dare, kuma asu mai cin tufafi yana cikinsu. Kowannensu yana ratsa matakai huɗu: ƙwai, tsutsa, kwanciya cikin kwanso, sannan balagagge mai fiffike, wanda za mu riƙa kira uwa. Da nau'i muna nufin ƙwarin da ke barbara a tsakaninsu su haifi irinsu. Gida shi ne tarin nau'o'i masu kusancin asali. Dangi kuwa tarin gidaje ne. Ganewa ita ce gano sunan da nau'i ya riga ya samu, rarrabewa kuma ajiye shi a gidansa da danginsa. Tun daga littafin Carl Linnaeus na 1758, kowane nau'i yana da suna mai gaɓa biyu, ta farko ta gida, ta biyu tasa ta kansa, kamar yadda ake haɗa wa mutum sunan gidansu da sunansa na yanka.

Idan muka duba da kyau, abin da ake kira sabo ya kasu kashi uku. Kashi na farko shi ne baƙo, wato nau'in da aka daɗe da sani a wata ƙasa amma bai taɓa zuwa tamu ba. Tsutsar masara, Spodoptera frugiperda, 'yar nahiyar Amurka ce, kuma a farkon 2016 aka fara tabbatar da ita a Afirka, a kudu maso yammacin Nijeriya, ta hannun masanan cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan. Tana zama a ƙoƙon ganyen masara, ta huda shi, ta jibge kashinta a ciki. Ana gane babbarta da farin zane mai rassa biyu a goshi da ɗigo huɗu baƙaƙe da suka yi murabba'i kusa da wutsiya, kuma waɗannan alamomi ne ke raba ta da 'yar gidansu ta Afirka, Spodoptera exempta. A shekarar ne kuma tsutsar tumatir, wadda manoman Kano suka laƙaba wa sharon, ta cinye gonakin rani a Kano da Kaduna da Katsina. Ita ma baƙuwa ce daga Kudancin Amurka, ta ɓulla a Sifaniya a 2006, sannan ta gangaro mana.

Kashi na biyu shi ne tsohon da ya sauya suna ko ya sauya hali. Tsutsar zangarniyar gero, wadda manoman Maraɗi ke kira murzuna, an rubuta ta tun 1925, amma ba ta zama annoba ba sai bayan farin shekarun 1970, don haka da yawa suka ɗauke ta sabuwa. Tsofaffin littattafai suna kiranta Raghuva albipunctella, na yanzu kuma Heliocheilus albipunctella, saboda an sake nazarin gidanta aka mayar da ita wani. Haka tsutsar karan gero, wadda George Hampson ya raɗa wa suna a 1919, ta tashi daga gidan Acigona ta koma Coniesta. Tsutsar tumatir ma Edward Meyrick ya sa mata Phthorimaea absoluta a 1917, aka kai ta gidan Tuta a 1994, sannan a 2021 wasu masana suka mayar da ita gidanta na fari. Ɗalibin da bai san wannan ba zai iya ƙirga ƙwaro ɗaya sau biyu, ya kuwa rubuta hakan a kundin digirinsa.

Kashi na uku ne kaɗai masana ke kira sabon nau'i, wato wanda babu wanda ya taɓa siffanta shi a rubuce ya ba shi suna. Ƙa'ida ita ce a wallafa bayaninsa, a kuma ware ƙwaro guda a adana shi a matsayin ma'aunin sunan, wanda za mu kira ɗan shaida, domin duk mai shakka ya je ya gwada nasa da shi. A nan tarihi ya bar mu da wani gibi. A 1919 da 1920 Angus Buchanan ya tattara ƙwari da tsuntsaye daga Kano ta Damagaram har duwatsun Azbin, domin Lord Rothschild na Tring a Ingila, wanda ya wallafa bayanin malam-buɗe-littafan a 1921. Tarin ƙwarin Rothschild ya koma hannun gidan tarihin halittu na Landan bayan rasuwarsa a 1937. Ke nan 'yan shaidar ƙwarin ƙasar Hausa da dama suna Turai, kuma mai son tabbatar da sabon nau'i daga Dabawa sai ya nemi hotonsu ko ya bi su can.

Hujjojin ganewa kuwa iri huɗu ne, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Ta farko ita ce kamanni: launin fiffike, tsarin jijiyoyinsa, da siffar ƙahonnin da ke kai. Wannan ta isa a kai ƙwaro danginsa, amma takan gaza a matakin nau'i, musamman ga ƙanana masu launin kara ko toka, waɗanda garin fiffikensu ke gogewa cikin tarko. Ta biyu ita ce al'aura. Akan yanke cikin uwar, a jiƙa shi a ruwan sinadari mai narkar da tsoka, a fito da gaɓoɓin barbara masu tauri, a shimfiɗa su a gilashi, a duba da maikuroskof, wato madubin ƙara girma. Nau'o'in da suka yi kama a fiffike sukan bambanta sarai a nan, shi ya sa da wuya a karɓi bayanin sabon nau'i ba tare da wannan zane ba. Ta uku ita ce ƙwayar gado, wadda ake kira DNA. Tun 2003, da Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya gabatar da dabarar, ana karanta wani guntu mai haruffa 658 daga ƙafa ɗaya, a gwada da na sauran. Bambancin da ya haura kashi biyu cikin ɗari yakan sa a yi zargin nau'i dabam, amma zargi ne, sai sauran hujjoji sun mara masa baya. Da wannan hanya har yau ake tono sababbin nau'o'i a dazuzzukan tsaunukan Turai, inda aka shafe fiye da shekara ɗari biyu ana bincike.

Hujja ta huɗu, wadda a ganinmu aka fi rainawa, ita ce kiwo, wato haɗa tsutsa da uwarta. Masani yana sa suna a kan uwa, manomi kuwa tsutsa ya sani, da shukar da take ci, da lokacin fitowarta. Ya san murzuna da hanyar da take murɗawa tana zagaya zangarniya, ko da bai taɓa ganin uwarta ba, domin tsutsar takan sauka ƙasa ta shige, ta kwanta duk rani, uwar ta fito bayan ruwa ya zauna. Tsutsar kara kuwa cikin busasshen kara take cin rani, har a dannin gida da rufin rumbu. Masu sana'ar zaren tsamiya ma sun daɗe suna bambanta sheƙunan tsutsar siliki da itacen da aka ciro su. Kiwon ba ya bukatar kuɗi: kwalba mai faɗin baki, ƙasa mai ɗan danshi a gindinta, ƙyallen gidan sauro a baki, da sabon ganye kullum. Wani lokaci maimakon uwa sai ɗan ƙaramin zanzaro ya fito, kuma wannan ma ilimi ne, domin irinsa ne, Habrobracon hebetor, masanan cibiyar INRAN ta Maraɗi ke kiwo suna saki a gonakin gero don ya kashe murzuna.

Ƙasar Dutsin-Ma tana da mazaunai uku da suka cancanci a kafa musu tarko dabam-dabam: gonakin tudu, itatuwan da suka maƙale a tsagogin duwatsu inda garma ba ta kai ba, da fadamun madatsar ruwa ta Zobe. Hasashenmu shi ne, idan akwai nau'in da ba a rubuta ba, a tsagogin nan zai fi yiwuwa a same shi, cikin ƙananan da ba sa taɓa amfanin gona, tunda hankalin bincike ya fi karkata ga masu ɓarna. Farin ƙyalle da fitila mai caji a daren da babu farin wata sun isa a fara, kuma Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da aka kafa a 2011, tana da ɗaliban da za su iya. Sharaɗin shi ne kowane ƙwaro ya tafi da 'yar takardarsa a jikin allurar da aka soke shi da ita, mai ɗauke da wuri da kwanan wata da sunan shukar da wanda ya kama, a kuma adana shi a akwati mai rufi gam, da maganin asu a ciki, nesa da gara da danshin watan Agusta.