Daga Gafaka Zuwa Faifai: Tarihin Adana Rubutu da Mallakarsa

Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499, lokacin da Shehu Magili ya sauka a birnin, malamai suka san cewa littafi guda a gida guda amana ce mai rauni. Gara tana cin takarda, gobara tana lashe zaure, damina kuwa takan rushe soro. Saboda haka a Yakasai da sauran unguwannin cikin ganuwa, maganin da aka sani shi ne yawaita kwafi. Ɗalibi yakan ari littafin malaminsa ya juya shi da hannu, a gwada sabon da asali, sa'an nan ya sa shi a gafaka ya tafi da shi Katsina ko Zazzau. In na wani gida ya salwanta, sai a nemo na wani a cike gurbin.

Wannan hikima ce masu kwamfuta suka sake isowa gare ta ta wata hanya. A 1956 kamfanin IBM na Amurka ya fito da na'urar RAMAC, mai faifai 50, wadda ke ɗaukar harafi kimanin miliyan 5. To, amma faifai ma yakan lalace. A 1978 aka ba wani injiniyan kamfanin, Norman Ken Ouchi, takardar haƙƙin ƙirƙira a kan wata dabara: a rarraba bayani a faifai da yawa, a keɓe wani wuri a rubuta lissafin abin da ke cikinsu, yadda in ɗaya ya mutu sai a fitar da abin da ya ɓace daga ragowar. A 1988 masu bincike uku na Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili, wato Patterson da Gibson da Katz, suka tsara irin waɗannan dabaru suka raɗa musu suna RAID. Da intanet ta bunƙasa, sai aka riƙa ajiye kwafin a garuruwa dabam-dabam.

Bambancin yana wajen mallaka. Malamin zaure bai hana kowa juya littafi ba, yana ganin yin haka sadaka ce mai gudana. Takardar haƙƙin ƙirƙira kuwa ciniki ce tsakanin mai ƙirƙira da hukuma: ya bayyana sirrin aikinsa a rubuce, ita kuma ta hana wasu amfani da shi ba da izninsa ba har wani wa'adi. Dokar Nijeriya ta 1970 ta yanke wa'adin shekara 20. In ya cika, dabarar ta zama ta kowa, kamar yadda ta Ouchi ta zama tuntuni.

Kano ta shiga wannan tafarki da kaɗan-kaɗan. A 1964 John Hunwick ya kafa cibiyar tattara rubuce-rubucen Larabci a Jami'ar Ibadan, inda aka ɗauki hoton littattafan malamai a ƙananan fina-finai, aka mayar wa masu su asalin. A 1970 Farfesa Abdullahi Smith ya kafa Gidan Arewa a Kaduna. A 2023 kuma aka buɗe babbar cibiyar adana bayanai ta kamfanin gwamnatin tarayya, Galaxy Backbone, a cikin Kano.

Abin lura ga ma'aikaci da ɗalibi shi ne, na'ura ba ta adana abin da ba a ba ta ba. Takardun gado da na filaye, hukunce-hukuncen alƙalai da littattafan zaurukan Yakasai, duk wanda ke da kwafi ɗaya tak yana cikin haɗarin da magabata suka guje wa. Har ila yau, kafin a miƙa su ga wata cibiya, wajibi ne a rubuta a yarjejeniya inda kwafin zai zauna, da wanda ke da ikon buɗe shi, da yadda magada za su karɓi nasu in kamfanin ya rufe.