Yadda Gwajin DNA Ya Fara Kama Mai Kisa

A watan Nuwamban 1983 aka tsinci gawar wata yarinya 'yar shekara 15 a ƙauyen Narborough, kusa da birnin Leicester a Ingila. Fyaɗe aka yi mata, aka shaƙe ta. 'Yan sanda suka yi ta bincike, shiru kake ji. A Yulin 1986 kuma aka yi wa wata sa'arta 'yar ƙauyen Enderby irin wannan aika-aika.

A tsakanin kisan biyu, cikin Satumban 1984, wani masani a Jami'ar Leicester, Alec Jeffreys, ya gano cewa ƙwayoyin halittar kowa, wato DNA, na da tsarin da ya bambanta da na wani, in ban da tagwaye masu kama ɗaya. Binciken gado yake yi, ba ruwansa da masu laifi.

Bayan kisa na biyu aka kama wani matashi ɗan shekara 17, ya kuma amsa laifi. 'Yan sanda suka kai wa Jeffreys samfuri don ya ɗaure yaron da kisan farko ma. Sakamako ya fito akasin abin da suka so: mutum ɗaya ne ya kashe yaran biyu, amma ba wannan ba ne. Ashe aikin farko da gwajin ya yi a shari'ar kisa wanke mutum ne. Ga iyayen da suka fara samun sauƙi, wannan ɗaci ne, sai dai da an rufe maganar a kan marar laifi, da makashin 'ya'yansu yana nan yana yawo a unguwa.

A 1987 aka ɗebi jini da yawun maza sama da 5,000 a yankin. Makashin, Colin Pitchfork, ma'aikacin gidan burodi, ya tura abokin aikinsa ya ba da jini a madadinsa. Bakin abokin ne ya tona asiri a mashaya, wata mata ta ji ta kai rahoto. A Janairun 1988 aka yanke wa Pitchfork ɗaurin rai da rai.

Birtaniya ta buɗe rumbun bayanan DNA na ƙasa a 1995. Iyalan kuwa ba su huta ba: a 2021 aka saki Pitchfork duk da adawarsu, bayan wata biyu aka mayar da shi kurkuku bisa zargin saɓa sharuɗɗan sakinsa.