Zaɓen fid da gwani: Yadda jiga-jigan jam'iyya ke fitar da ɗan takarar shugaban ƙasa

Zaɓen fid da gwani shi ne matakin da jam'iyya ke tsayar da mutum ɗaya da zai riƙe tutarta a babban zaɓe. A Najeriya nauyinsa ya zarce yadda mutane da dama ke zato, domin sashe na 131 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya shar'anta cewa duk mai neman shugabancin ƙasa sai ya kasance ɗan jam'iyya, kuma jam'iyyar ce za ta tsayar da shi. Babu takarar ƙashin kai. Ke nan kafin ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ke unguwar Tudun Wada a birnin Sakkwato ya shiga layi da katinsa, wasu sun riga sun tace masa sunayen da zai zaɓa a ciki.

Dokar Zaɓe ta 2022 ta bai wa jam'iyyu hanyoyi uku: 'yar tinƙe, inda duk mai katin jam'iyya ke da ƙuri'a, zaɓen wakilai, wato daliget, da kuma sulhu, wanda sai duk masu neman takarar da aka tantance sun amince a rubuce. Majalisar Tarayya ta so ta wajabta 'yar tinƙe kaɗai, amma Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙi sa hannu a watan Disambar 2021, sai da aka dawo da sauran hanyoyin biyu. A shekarar 2022 manyan jam'iyyun biyu duk daliget suka bi.

A nan ne lissafin yake da ban mamaki. PDP ta ware wa kowace ƙaramar hukuma daliget ɗaya tak, APC kuma uku. Tudun Wada tana cikin Ƙaramar Hukumar Sakkwato ta Kudu, saboda haka dubban 'yan PDP na unguwar da na maƙwabtanta, bakin mutum guda ne ya yi magana a madadinsu a Abuja. Su kuwa daliget, a mafi yawan jihohi gwamna ne ke da ta cewa kan sunayensu, shi ke ɗaukar nauyin mota da masauki, kuma galibi inda ya nuna can suke jefa ƙuri'a. Kuɗin fom ma ya zama shinge a 2022: Naira miliyan 100 a APC, miliyan 40 a PDP.

Sakkwatawa sun ga wannan tsari ta fuskoki biyu. A 1978 Alhaji Shehu Shagari kujerar sanata yake hari, amma manyan jam'iyyar NPN, bayan sun keɓe wa Arewa takarar, suka matsa masa ya fito. A babban taron jam'iyyar da aka yi a Legas cikin watan Disamba, ya kara da Maitama Sule da Adamu Ciroma da Olusola Saraki da Joseph Tarka da Iya Abubakar. Shi ne ya zo kan gaba a zagayen farko, manyan abokan karawarsa suka janye masa, bayan wata goma kuma aka rantsar da shi shugaban ƙasa.

Fuska ta biyu ita ce ta Aminu Waziri Tambuwal. A Fatakwal cikin Oktobar 2018 ya zo na biyu da ƙuri'a 693, Atiku Abubakar ya samu 1,532. A wancan karon Nyesom Wike ne babban mai mara masa baya. Ranar 28 ga Mayun 2022 kuwa, a filin wasa na ƙasa da ke Abuja, Tambuwal ya gama jawabin neman ƙuri'a, sannan ya sake hawa dandamali ya sanar da janyewarsa, ya umarci magoya bayansa su zaɓi Atiku. Atiku ya tashi da 371, Wike 237. Magoya bayan Tambuwal na kallon matakin a matsayin kishin Arewa, ɓangaren Wike kuma suka kira shi cin amana. Ko wanne aka ɗauka, abu ɗaya a fili yake: 'yan jam'iyyar da suka shafe watanni suna yi masa tallar takara a Sakkwato, a talabijin da wayoyinsu suka ji labari kamar kowa. Rikicin da ya biyo baya ya raba gwamnoni biyar da ɗan takarar jam'iyyarsu har ranar zaɓe.

Irin wannan ba sabon abu ba ne. A Jos cikin Fabrairun 1999 Olusegun Obasanjo, wanda bai cika shekara da fitowa daga kurkuku ba, ya kayar da Alex Ekwueme da ke cikin waɗanda suka kafa PDP, da goyon bayan tsofaffin hafsoshin soja da manyan 'yan siyasar Arewa. A Disambar 2006 shi Obasanjon ne ya share wa Umaru Musa 'Yar'aduwa hanya, gwamnonin da ke neman kujerar suka janye.

Sai dai su ma jiga-jigan ba kullum bakinsu ke zuwa ɗaya ba. Ranar 6 ga Yunin 2022 shugaban APC na lokacin, Abdullahi Adamu, ya gabatar da Ahmad Lawan a matsayin ɗan takarar sulhu, gwamnonin jam'iyyar na Arewa suka yi fatali da zancen, suka dage mulki ya koma Kudu. Bola Tinubu ya samu ƙuri'a 1,271, Rotimi Amaechi 316, Yemi Osinbajo 235, Lawan 152. Wasu manya ne suka rinjayi wasu manyan, ba talakawan jam'iyya ba.

Masu kare tsarin suna da hujjarsu. Sun ce sasancin manya ne ke tabbatar da karɓa-karɓa tsakanin Kudu da Arewa, kuma jam'iyyun ba su da rajistar mambobi da za a dogara da ita, don haka 'yar tinƙe ma ana iya rubuta sakamakonta a ɗaki. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Amma mutum ɗari bakwai da 'yan kai sun fi miliyoyi sauƙin saye, shi ya sa zargin rabon dala ga daliget ya mamaye tarukan 2022, har jami'an EFCC suka bayyana a wajen taron PDP.

Daga nan ne yawan ƙorafin ɗauki-ɗora ke tasowa, da furucin nan da ake ji a shaguna da ofisoshi cewa duk kanwar ja ce. Ba shi kaɗai ke hana mutane fita zaɓe ba. Akwai matsalar tsaro, ga kuma ƙarancin takardun Naira da aka sha fama da shi a farkon 2023. Duk da haka alƙaluman sun daɗe suna gangarowa: kashi 69 cikin 100 na masu rajista ne suka kaɗa ƙuri'ar shugaban ƙasa a 2003, kusan kashi 35 a 2019, sannan kusan kashi 27 a 2023, wato mutum miliyan 25 daga cikin sama da miliyan 93. A Jihar Sakkwato, inda gwamna mai ci ya janye wa Atiku, tazarar da ya bai wa Tinubu ba ta kai ƙuri'a dubu huɗu ba.