Kamarg: Tarihin Kallon Tsuntsaye Tsakanin Gishiri da Ruwan Daɗi

A kudancin Faransa, dab da birnin Arl, Kogin Ron ya rabu gida biyu kafin ya faɗa Bahar Rum, kuma shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke tsakanin rassan nan biyu da gefunansu ita ake kira Kamarg, wadda faɗinta ya doshi murabba'in kilomita 1,500. Ƙasa ce ta tafkunan gaɓar teku, wato ruwaye marasa zurfi waɗanda siririn tudun yashi kaɗai ya raba su da teku, da kuma fadamun gishiri, wato filayen da ruwa ke kwanciya a kansu da hunturu, ya janye da bazara ya bar ƙasa ta tsattsage da farin ɓawo a samanta. Mafi girman tafkunan shi ne Vaccarès, wanda ya kai hekta 6,500 amma zurfinsa bai kai mita biyu ba. Ruwan da rana da busasshiyar iskar arewa mai suna mistiral suke tsotsewa a shekara ya ninka wanda sama ke zubarwa kusan sau biyu, saboda haka gishiri kan taso daga ƙarƙashin ƙasa duk inda ruwan kogi bai kai ya wanke shi ba. An ga tsuntsaye fiye da iri 300 a yankin, kuma dubban masu kallon tsuntsaye da ke zuwa kowace shekara suna ɗaukarsa jeji ne da hannun mutum bai taɓa ba. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba, domin kusan kowane tafki da suke tsayawa a bakinsa, yawan ruwansa da ɗanɗanonsa sun samo asali ne daga shawarar da mutane suka yanke, sau da yawa bayan doguwar jayayya.

Gishiri ne sana'ar farko da ta bar tabo a fuskar wannan ƙasa. Tun a tsakiyar zamanin Turai malaman Kirista masu zaman zuhudu, irin na gidan ibadar Psalmody, suna samun arziki daga gare shi, sannan sarakunan Faransa suka mayar da shi babbar kafar haraji, musamman a kewayen Aigues-Mortes, garin da Sarki Luwis na Tara ya gina a ƙarni na 13. Duk da haka kogin ne ke da iko da ƙasar har tsakiyar ƙarni na 19, yana ambaliya yana sauya hanya yadda ya ga dama. Manyan ambaliyoyin 1840 da 1856 su suka sa hukuma ta ɗaura aniyar ɗaure shi: aka gina jinga a bakin teku aka gama a 1859, aka kuma kammala jingar rassan kogin biyu a 1869. Daga nan Kamarg ta zama rufaffiyar ƙasa, wadda ruwa ba ya shiga cikinta sai wanda sama ta zubar ko wanda aka ɗebo da inji.

Masu ɗebo ruwan kuwa gida biyu ne, kuma bukatunsu kishiyoyin juna ne. A kudu akwai kamfanin da Henri Merle ya kafa, wanda ya buɗe filayen gishiri na Salin-de-Giraud a 1856 domin ciyar da masana'antar sinadarai, kuma abin da yake so shi ne ruwan teku mai kaurin gishiri, wanda za a bi da shi daga wannan kwarmi zuwa wancan har rana ta ƙafar da shi. A arewa kuma akwai manoma, waɗanda suka girke injinan ban-ruwa a bakin kogi lokacin da ƙwaron filoksera, mai cin saiwar inabi, ya halaka gonakin Faransa, aka kuma gano cewa nutsar da gona cikin ruwa da hunturu yana kashe shi. Ragowar ruwan daɗin da manoma suka gama da shi yana gangarawa Vaccarès ya tsinka gishirinsa, abin da ya kai ɓangarorin biyu gaban alƙali a farkon ƙarni na 20. Masanin zamantakewa Bernard Picon ya nuna, a littafin da ya wallafa kan yankin a 1978, cewa daga wannan rikici ne gandun tsuntsayen ya fito: a 1927 kamfanin, wanda ya mallaki Vaccarès da kewayensa, ya damƙa kula da wurin ga wata ƙungiyar masana halitta ta Paris, ta yadda wannan yanki na ruwan zartsi, wanda bai yi wa mai gishiri kauri ba bai kuma yi wa manomi daɗi ba, ya zama katanga tsakanin abokan hamayya. Gandun ya haura hekta 13,000, kuma gwamnati ta ba shi matsayin gandun ƙasa a 1975.

Su kansu masu bin tsuntsaye sun daɗe kafin su zama masu kallo. A ƙarni na 19 bindiga ce kayan aikin masani, domin ba a yarda da cewa an ga tsuntsu sai an kawo gawarsa, an feɗe fatar an cusa mata auduga an ajiye a gidan tarihi. Jean Crespon na birnin Nim, wanda littafinsa na 1840 yake cikin na farko da suka tsara tsuntsayen wannan gaɓa, da irin wannan sana'a ya yi suna. Rashin zama a dubi tsuntsu yana raye ya sa kurakurai suka daɗe a littattafai. Filamingo, dogon tsuntsun nan mai launin ja-ja da lanƙwasasshen baki, yana gina sheƙarsa da laka kamar tukunyar da aka kife, ya saka ƙwai ɗaya a samanta, kuma kusan shekara 200 ana kwafar maganar wani matuƙin jirgin ruwa na Ingila, William Dampier, cewa tsuntsun hawa sheƙar yake yi ya saki ƙafafu a gefe da gefe. Sai a 1883 Abel Chapman ya lallaɓa kusa da tsuntsayen a fadamun kudancin Sifen, ya ga suna naɗe ƙafafu a ƙarƙashin jikinsu kamar sauran tsuntsaye. Bayan haka abubuwa suka bi juna da sauri: kamfanin Zeiss ya fitar da madubin hangen nesa mai ido biyu a 1894, William Eagle Clarke ya wallafa bayanin tsuntsayen Kamarg a mujallar Ibis a 1895 wanda ya jawo hankalin Turawan Ingila zuwa yankin, sannan a 1899 wani malamin makaranta ɗan Denmak, Hans Christian Mortensen, ya ƙirƙiro sa wa tsuntsu zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa domin a san inda ya je.

Mutumin da ya haɗa waɗannan hanyoyi a Kamarg shi ne Luc Hoffmann, ɗan Suwizalan, jikan wanda ya kafa kamfanin magunguna na Hoffmann-La Roche, wanda aka haifa a 1923 ya rasu a 2016. Ya sayi gonar Tour du Valat a gabashin Vaccarès a 1948, ya buɗe cibiyar bincike a cikinta a 1954, kuma aikin da cibiyar ta fara da shi shi ne kama ƙananan agwagin daji da tarko, a sa musu zobe a sake su. Dubun-dubatar agwagin da aka yi wa haka sun tabbatar da cewa tsuntsun da ya yi hunturu a Kamarg yana iya yin ƙwai a arewacin Rasha ko Finlan, kuma wannan sani ya sauya tambayar gaba ɗaya, domin babu amfanin kare tafki ɗaya idan ana busar da sauran zangunan da ke kan hanya. A lokacin nan kuwa gwamnatocin Turai busar da fadama suke ɗauka ci gaba. Hoffmann, wanda yake cikin waɗanda suka kafa asusun kare namun daji na duniya a 1961, ya kira taron masana a garin Saintes-Maries-de-la-Mer a watan Nuwamba na 1962, inda aka nemi a yi yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan dausayi. An amince da ita a garin Ramsar na Iran ranar 2 ga Fabrairu 1971, kuma da sunan garin aka san ta. Kamarg ta shiga jerinta a 1986, tafkin Nguru na dausayin Haɗeja kuma ya shiga a 2000, wanda ya dace ƙwarai, tunda tsuntsaye da yawa da ke yin ƙwai a Turai a fadamun Sahel suke yin kaka da rani. An ma lura cewa yawan wani irin jan zalɓe da ke komawa Turai ya ragu a shekarun da fari ya addabi Sahel. Tafiyar ba ta fuska ɗaya ba ce: balbela, wadda kowane makiyayi a ƙasar Hausa ya sani, ta fara yin sheƙa a Kamarg a ƙarshen shekarun 1960, kuma yanzu tana bin baƙaƙen shanu da fararen dawakin yankin.

Babu inda dogaron tsuntsu ga aikin mutum ya fito fili kamar a labarin filamingo, wanda ya zama tambarin yankin. Abincinsa a filayen gishiri shi ne artemiya, wata ƙaramar halittar ruwa mai kama da jatan lande wadda ke yaɗuwa a ruwan da gishirinsa ya fi ƙarfin kifi, sheƙarsa kuma sai a tsibirin da ruwa ya kewaye ta yadda dila ba zai kai gare ta ba. Da jinga ta hana kogi da teku gina sababbin tsibirai, tsofaffin suka zaizaye, kuma daga 1964 zuwa 1968 filamingo bai ƙyanƙyashe ko ɗa ɗaya a Kamarg ba. A 1970 cibiyar Tour du Valat da kamfanin gishiri suka tara ƙasa suka yi tsibiri a tafkin Fangassier. Tsuntsayen suka ƙi kula shi, sai da masu binciken, ƙarƙashin wani Baturen Ingila mai suna Alan Johnson, suka ƙera ɗaruruwan sheƙunan laka da hannu, domin filamingo ba ya son zama inda bai ga alamar 'yan uwansa ba. A 1974 suka sauka, kuma daga baya sheƙunan da ke tsibirin kan haura 10,000 a shekara mai kyau.

Daga 1977 aka fara wata al'ada da ta ba gama-garin mai kallo matsayi a cikin bincike. Kowace shekara, a ƙarshen Yuli ko farkon Agusta, kafin 'ya'yan filamingo su iya tashi, 'yan sa-kai masu yawa kan shiga ruwa da asuba su kewaye garken, su kora shi sannu a hankali zuwa cikin shinge, a auna ɗaruruwa daga cikinsu a sa wa kowanne zoben roba mai manyan haruffa. Bambancin wannan zobe da na ƙarfe shi ne ba sai an kama tsuntsun ko an kashe shi ba, domin ana iya karanta haruffan daga nesa da madubi mai ƙafa uku, kuma duk wanda ya karanta ya aika wa cibiyar, za a mayar masa da tarihin rayuwar wannan tsuntsu. Ta haka aka san cewa filamingon Kamarg yana kaiwa Sifen da Sardiniya da Tunisiya da Turkiyya, har Muritaniya da Senegal, cewa wasu suna rayuwa fiye da shekara 30, kuma cewa zama a Faransa da hunturu yana da nasa haɗari, kamar yadda tsananin sanyin Janairun 1985 ya nuna lokacin da tafkuna suka daskare aka tsinci gawar kusan 3,000. Wannan ita ce gudunmawa mafi daraja da kallon tsuntsaye ya bayar a yankin, domin ta tara shaidar da babu wata cibiya da za ta iya tarawa da ma'aikatanta kaɗai.

Zaman tsuntsaye da mutane bai taɓa rasa saɓani ba. Noman shinkafa, wanda ya kafu a shekarun Yaƙin Duniya na Biyu da ƙwadagon mutanen Indochina da aka kawo Faransa ba da son ransu ba, ya kai kusan hekta 30,000 a farkon shekarun 1960, kuma tun daga 1978 filamingo ya koyi shiga gonakin da dare bayan shuka yana tattake iri, har manoma suka koma korarsa da ƙarar bindigar iska da fitilu. Mafarauta ma suna da babban hannu a ruwan yankin, domin masu manyan filaye suna cika fadamunsu da ruwan daɗi saboda farautar agwagi, kuma bincike ya nuna cewa agwagin da ke hutawa da rana a cikin gandun, inda masu kallo ke ƙirga su, da dare a waɗannan fadamun farauta suke kiwo. Ga baƙon da ba shi da izinin shiga tsakiyar gandun, wurin da aka fi zuwa shi ne lambun tsuntsaye na Pont de Gau, wanda André Lamouroux ya buɗe a 1949 da tsuntsaye cikin keji, zuriyarsa kuma suka mayar da shi buɗaɗɗiyar fadama mai hanyoyin ƙafa.

A 2007 yajin aikin ma'aikatan Salin-de-Giraud ya tsayar da injinan da ke ɗebo ruwan teku, tafkin Fangassier ya ƙafe, filamingo bai yi ƙwai ba a shekarar, karo na farko cikin fiye da shekara 30. Kamfanin ya rage aikinsa, kuma daga 2008 hukumar kare gaɓar tekun Faransa ta sayi fiye da hekta 6,000 na tsofaffin filayen gishirin, har da Fangassier. Sababbin masu kula da wurin sun zaɓi su daina gyara jingar bakin teku a wannan ɓangare, su bar ruwa ya shiga ya fita da kansa, bisa hujjar cewa teku na ƙara hawa, kogin kuma ba ya kawo yashi kamar dā saboda madatsun da aka gina a kansa, don haka fadama mai faɗi za ta fi jinga shanye ƙarfin igiyar ruwa. Kifi ya samu hanyar komawa tafkunan, tsirran fadamar gishiri sun sake yaɗuwa, amma mazauna Salin-de-Giraud da yawa suna ganin an sallama wa teku ƙasar da kakanninsu suka yi wa wahala. Filamingo kuwa ya gwada yin sheƙa a filayen gishirin Aigues-Mortes a 2014, kuma a 'yan shekarun nan can ya fi yin ƙwai, a yammacin yankin, inda injinan kamfani suke ci gaba da riƙe ruwa daidai gwargwado daga bazara zuwa kaka.