Wuƙar Mahaucin Sabo da Hanyoyin Jini

A shekarun da suka biyo bayan 1916, lokacin da aka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a birnin Ibadan, arzikin mazaunanta ya rataya ne a kan goron da ake haurawa da shi Arewa da shanun da ake gangarowa da su Kurmi, waɗansu da ƙafa, waɗansu a jirgin ƙasa, wanda ya iso Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1911. Da yake ƙudan tsando ba ya barin saniyar Arewa ta daɗe a ƙasar Yarabawa ba tare da sammore ya kama ta ba, sai ya zama wajibi duk abin da ya sauka a zango a sayar da shi da gaggawa, mahauta kuwa, waɗanda akasarinsu Yarabawa ne, su ɗauka bashi bisa lamunin dillali da maigidan da ya sauki bafatake. Abner Cohen, wanda ya zauna da mutanen Sabo a 1962 da 1963, ya bayyana wannan ciniki filla-filla. Amma bayan ciniki akwai wani ilimi da nake ganin an daɗe ana tauye masa haƙƙi, wato sanin da mai yanka da mai fiɗa suke da shi game da hanyoyin jini.

Asalinsa fiƙihu ne. Duk almajirin da ya sauke Risala ta Ibn Abi Zaid a zauren malaminsa ya san cewa, a mazhabar Imamu Malik, yanka ba ya inganta sai an katse maƙogwaro da manyan jijiyoyin wuya biyu, ta gaba ba ta ƙeya ba, kuma ba a ɗaga wuƙa sai an gama. In an saɓa, dabba ta zama mushe, mahauci ya tashi da bashi ba nama.

Wanda kuwa ya tsaga ƙirjin sa a kwata, ya ciro huhu da zuciya a haɗe, zai ga babbar jijiyar da ta taso daga ɓangaren hagu na zuciya, kafin ta lanƙwasa ta bi ƙashin baya domin shayar da kayan ciki da ƙafafun baya, ta aika da reshe guda ɗaya tak zuwa gaba, daga gare shi ne jijiyoyin ƙafafun gaba suka fita, sannan biyun da suka haura wuya zuwa kai. Haka Allah Ya tsara ta a rago da akuya, haka kuma a barewar ƙasashen sanyi mai ƙaho mai rassa, alhali a ɗan Adam rassa uku ne ke fita daga wurin. A gindin wannan jijiya akwai ɗan ƙashi cikin naman zuciyar sa da ta barewar nan, wanda ke ƙara tauri da shekaru, mai tsiren da ke yanka zuciya kuma yakan ji wuƙarsa ta ci karo da shi. Ibn Nafis, wanda ya rasu a Alƙahira a 1288, shi ya bayyana ratsawar jini ta huhu; William Harvey na Ingila, da ya wallafa bayanin kewayawar jini a 1628, daga baya har bareyin gandun Sarki Charles na Ɗaya aka ba shi ya feɗe. Su sun rubuta, mahauci kuwa a hannun ubangidansa ya koya.

Akwai kuma waɗansu siraran jijiyoyi biyu da suka ɓuya cikin ƙasusuwan wuya, inda kaifin wuƙa ba ya kaiwa. A jikin sa suna ci gaba da kai jini ga ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci bayan yanka, shi ya sa yakan fi rago jinkirin yin sanyi, mahaucin kirki kuma yakan dakata, domin fuƙaha'u sun karhanta a soma fiɗa kafin rai ya gama fita.